Da gaske ne ruwan Atlantika zai daina gudu? Yadda ake auna shi, da abin da ya haɗa shi da daminar Arewa

Tambaya

Assalamu alaikum. Ni ɗan kasuwa ne, ina sayar da hatsi a Mile 12 nan Legas, gonata kuma tana gida Jigawa. Wani ɗan'uwa ya turo mini bidiyo a WhatsApp ana cewa wai akwai wani babban gudun ruwa a tekun Atlantika da yake gab da tsayawa, Turai za ta daskare, Legas kuma teku zai cinye ta. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, wa ya shiga tsakiyar teku ya auna ruwa har ya san yana rage gudu? In ma gaskiya ne, mu da abincinmu yake fitowa daga Arewa, ina ruwanmu?

Amsa

Wa alaikumus salam, Alhaji. Ruwanku ne kuwa, ruwan sama ma. Bidiyon da aka turo maka ya dafa abu uku a tukunya ɗaya: gaskiya, hasashe, da ƙarin gishiri. Gudun ruwan yana nan, ana auna shi kullum tun 2004, kuma masana suna sa ran zai yi rauni a wannan ƙarni. Ranar tsayawarsa ce babu wanda ya isa ya yanka. Maganar Legas kuwa wata hanya ce dabam, za mu zo kanta.

Ruwan teku yana tafiya ta hanya biyu. Na sama, iska ce take kora shi. Wanda yake wucewa ta gaban Legas ke nan, ana kiransa Gudun Gini: yana tahowa daga yamma, ya bi gaɓar Laberiya, Kwaddibuwa, Gana, Togo da Binin, ya nufi gabas, kuma ya fi ƙarfi a watannin damina. Na biyun, nauyin ruwan ne yake tafiyar da shi. Ruwan sanyi ya fi na ɗumi nauyi, mai gishiri ya fi maras gishiri nauyi, mai nauyi kuma ƙasa yake nema.

Za ka iya ganin wannan a gida. Samo kofin gilashi biyu. Cika ɗaya da ruwan famfo. Ɗayan kuma ka cika shi da ruwan da ka narka gishiri a ciki, giram 35 a kowace lita, wato kamar cokalin cin abinci biyu, domin haka ruwan teku yake. Ka daskarar da zoɓo a firji, amma kada a sa masa sukari, don sukari zai ƙara masa nauyi ya ɓata gwajin. Jefa ƙanƙara ɗaya a kowane kofi, kada ka motsa. A kofin ruwan famfo za ka ga jan zoɓon yana zubowa ƙasa sili-sili kamar zare, ruwan yana juyawa, ƙanƙarar ta narke da wuri. A kofin gishiri kuwa jan zai kwanta a sama kamar mai a kan miya, ƙasa ta zauna fari tas, ƙanƙarar ta daɗe ba ta narke ba. Sanyinsu ɗaya, amma na biyun ya kasa nutsewa saboda ba shi da gishiri. Duk fargabar da ake yi game da narkewar ƙanƙarar Girinlan tana cikin kofi na biyun nan.

A Atlantika, ruwa mai ɗumi da gishiri yana tafiya arewa ta sama. Yana ƙetare ikwaita ta gefen Birazil, ya ratsa Karibiyan, ya matse tsakanin Fulorida da tsibiran Bahamas, ya miƙa zuwa wajen Aisland da Norwe. Can iskar hunturu take tsotse zafinsa, ya yi nauyi, ya nutse a tekunan da ke kewaye da Girinlan, ya juyo kudu ta ƙasa a zurfin mita 1,000 zuwa 4,000. Ruwan da ya nutse yakan yi ɗaruruwan shekaru, wani har dubu, kafin ya sake ganin rana. Wannan juyi shi masana suke taƙaita sunansa da AMOC. Ana auna shi da ma'aunin Sverdrup, sunan wani masanin teku ɗan Norwe, kuma Sverdrup ɗaya shi ne tankin ruwa na lita 1,000, irin baƙin nan da ake ɗorawa a saman gida, guda miliyan ɗaya suna wucewa a kowace daƙiƙa. Matsakaicin ƙarfin AMOC kusan Sverdrup 17 ne, kamar kogin Kwara sau dubu uku. Zafin da yake ɗauke da shi zuwa arewa, in aka mai da shi lissafin lantarki, ya ninka abin da layin wutar Nijeriya yake rabawa fiye da sau dubu 200. Shi ya sa ake damuwa da shi. Teku ne rumbun zafin duniya: mita uku na samansa kaɗai suna iya riƙe zafi daidai da dukan iskar sararin sama, kuma kusan kashi 90 cikin ɗari na ƙarin zafin da hayaƙin masana'antu ya jawo, teku ne ya shanye.

To, wa ya auna? Na farko da tarihi ya riƙe shi ne Henry Ellis, kyaftin ɗin wani jirgin safarar bayi na Ingila, a 1751. Ya zura guga mai murfi da ma'aunin zafi zuwa zurfin sama da mita 1,600 a yankin da rana take ƙuna, ya jawo ruwa mai digiri 12 alhali na sama yana 29. Shi dai murnarsa ya sami abin sanyaya abin sha da ruwan wanka. Bayan shekaru ne aka gane cewa ruwa mai wannan sanyi a ƙarƙashin ƙasashen zafi dole daga ƙuryar arewa ko kudu ya taho.

Daga nan har kusan ƙarshen ƙarni na ashirin, aikin jirgin ruwa ne. Jirgi ya tsaya, a zura na'ura da waya har ƙasan teku tana auna zafi, gishiri da matsin ruwa, a jawo ta, a matsa gaba kilomita 50 ko makamancin haka, a sake. Ƙetare Atlantika sau ɗaya ta haka yana cin sama da wata guda. Awon yana da kyau ƙwarai, har gobe shi ne ma'aunin da ake gwada sauran na'urori da shi, amma hoton lokaci ɗaya yake bayarwa. A 2005 wasu masana a Birtaniya suka kwatanta irin wannan ƙetarawa guda biyar, na 1957, 1981, 1992, 1998 da 2004, suka ce AMOC ya ragu da kashi 30 cikin ɗari. Jaridu suka ɗauka. Bayan shekara biyu sai sakamakon awo na kullum ya fito, aka ga cikin shekara guda tak gudun ya sauka har Sverdrup 4, ya kuma hau har kusan 35. Kai da kake kasuwa ka san wannan: wanda ya leƙo Mile 12 sau biyar a cikin shekara hamsin, wani zuwan da kaka wani da bazara, ba zai gaya maka ko farashin gero hawa yake ko sauka ba.

Awon kullum ɗin nan shi ne shirin RAPID, na Birtaniya da Amurka, wanda aka kafa a 2004 a kan layin digiri 26.5 arewa, daga Bahamas zuwa gaɓar Maroko. Ba a jera na'urori a dukan faɗin tekun ba, kuɗin ba zai yiwu ba. Dabara aka yi, aka kasa lissafin uku.

Kashi na farko shi ne ruwan da yake matsewa tsakanin Fulorida da Bahamas, kusan Sverdrup 32 zuwa arewa. Da tsohuwar wayar tarho da ke kwance a ƙasan teku ake auna shi, tun 1982. Ruwan gishiri yana ɗaukar lantarki, kuma idan ya gudana a cikin maganaɗisun duniya yakan haifar da 'yar wuta kaɗan tsakanin gaɓa da gaɓa. Yawan wutar da aka karanta a bakin wayar shi yake nuna yawan ruwan da ya wuce. Lokaci-lokaci jirgi yakan fita ya auna kai tsaye don a daidaita lissafin. Kashi na biyu shi ne abin da iska take turawa a sama, Sverdrup 3 zuwa 4, ana lissafa shi daga bayanan iska. Na uku shi ne ruwan da yake komawa kudu a tsakiyar teku, kusan 18, kuma nan ne turaku suke aiki. Turken teku waya ce doguwa, ƙasanta an ɗaure da ƙarfe mai nauyi, galibi tsofaffin ƙafafun jirgin ƙasa, samanta kuma goruna masu iska suna miƙar da ita tsaye. A jikinta an jera na'urori daga kusa da sama har ƙasa suna rubuta zafi, gishiri da matsi. Idan ka san nauyin ruwa daga sama zuwa ƙasa a gefen Amurka, ka san na gefen Afirka, bambancinsu zai ba ka yawan ruwan da yake ratsawa tsakani. Dalili shi ne juyawar duniya tana karkatar da duk abin da yake tafiya zuwa dama a arewacin ikwaita, don haka ruwa ba ya gangarowa kai tsaye daga inda matsi ya yi yawa zuwa inda ya yi kaɗan, gefe yake bi. Haɗa 32 da 3 da ɗoriya, cire 18, ga 17 ɗinka.

Matsalar turakun nan ita ce suna nutse, ba sa aiko da saƙo. Sai bayan shekara ɗaya da rabi ko biyu jirgi ya je, ya aika sauti cikin ruwa, ƙugiya ta saki ƙarfen, wayar ta taso a kwashe bayanai. Saboda haka duk wanda ya ce maka ga ƙarfin AMOC na makon jiya, ba daga nan ya samo ba. Wani lokaci ƙugiyar ta ƙi saki, ko batir ya mutu a wata na goma, ko waya ta tsinke. Ita ma wayar tarhon ta yi nata ruɗin. An daɗe ana ganin kamar gudun Fulorida yana raguwa a hankali, sai a 2024 aka nuna cewa maganaɗisun duniya ne yake sauyawa ba a sa shi a lissafi ba. Da aka gyara, sai ga gudun nan kusan yadda yake shekara arba'in, raguwar da ake gani a AMOC ma ta ragu sosai. Ba ha'inci ba ne, haka awo yake. Abin lura shi ne su masu awon ne suka kama kuskuren da kansu.

Abin da RAPID ya gani babu tantama shi ne faɗuwar kusan kashi 30 cikin ɗari a 2009 zuwa 2010, wadda iska ce ta jawo mafi yawanta, daga baya kuma gudun ya farfaɗo. A 2014 aka ƙara wani layi can arewa, OSNAP, daga Kanada zuwa Girinlan zuwa Sikotlan, wanda ya nuna cewa mafi yawan nutsewar a gabashin Girinlan take, saɓanin abin da aka daɗe ana zato. Akwai wani kuma a kudu, tsakanin Birazil da Afirka ta Kudu.

Na'urar da ta fi sauya ilimin teku dai ita ce goran Argo. Bututu ne mai tsawon mita ɗaya da 'yan kai, da eriya a ka, nauyinsa kamar rabin buhun siminti. Ba shi da farfela, ba ya tuƙa kansa. A gindinsa akwai 'yar jaka ta roba, a cikinsa kuma mai da famfo. In famfon ya tura man cikin jakar sai ta kumbura, goran ya ƙara girma ba tare da ƙara nauyi ba, ya taso. In ya janye man, ya nutse. Zagayensa kwana goma ne: ya sauka mita 1,000, ruwa ya yi ta jan sa kwana tara, sannan ya ƙara sauka zuwa mita 2,000, ya fara tasowa a hankali cikin kamar awa shida yana auna zafi, gishiri da matsi. Da ya ɓullo sai ya nemi inda yake da GPS, ya aika bayanai ta tauraron ɗan'adam cikin mintoci, ya koma. Tazarar inda ya nutse da inda ya ɓullo ita take nuna gudun ruwa a can ƙasa. Batirinsa yana kai shekara huɗu zuwa biyar. An fara jefa su a wajen 2000, suka kai 3,000 a 2007, yanzu suna kusan 4,000, kamar ɗaya a kowane kilomita 300, kuma bayanansu kyauta ne a intanet, galibi cikin kwana guda.

Awon zafinsa yana da daidaito har kashi 2 cikin dubu na digiri ɗaya. Gishiri ne mai wahala, don ana gane shi ne ta yadda ruwa yake ɗaukar lantarki a cikin wani siririn bututun gilashi, kuma gansakuka ko ɗan datti kaɗan ya isa ya karkatar da karatun. Shi ya sa sabbin goruna ba sa daɗewa a sama, inda rana take sa abubuwa su tsiro a jikinsu. Shi ya sa kuma ake da bayanai iri biyu, na gaggawa da na bayan tacewa, inda masani yake kwatanta karatun can ƙasa da awon jirgi na wurin, tunda ruwan zurfi ba ya saurin sauyawa. A 2006 an taɓa buga cewa teku ya fara hucewa. Shekara ta zagayo aka gano wasu goruna ne suke kuskuren zurfi, ga kuma tsofaffin na'urorin da ake jefawa daga jiragen kaya suna ƙara zafi a tsohon lissafi. Goran Argo ba ya kuma shiga ruwa maras zurfi, don haka gaɓar Legas da bakin Neja Dalta ba sa cikin abin da yake gani.

Daga sama kuma akwai taurarin ɗan'adam masu auna tudun teku, tun daga TOPEX/Poseidon a 1992, sai jerin Jason, sai Sentinel-6 a 2020. Suna shawagi a nisan kilomita 1,336, suna harba sigina ƙasa su ƙirga lokacin dawowarta, suna maimaita hanya ɗaya duk kwana goma. Fuskar teku tana da tudu da kwari: a gudun da ke gefen Amurka, gefe ɗaya ya fi ɗayan tudu da kusan mita guda. Daga gangaren ake lissafa gudun sama. Amma dabarar tana da makafin wurare biyu, kuma dukansu namu ne: dab da gaɓa, inda ƙasa take gurɓata siginar, da dab da ikwaita, inda karkatarwar juyawar duniya take zama babu.

Saboda haka yankinmu ya dogara sosai da wasu turaku masu gora a sama, na shirin PIRATA, wanda Birazil, Faransa da Amurka suka kafa a 1997. Goran yana da hasumiya mai auna iska, ruwan sama, laima da hasken rana, a ƙarƙashinsa kuma waya mai auna zafi har zurfin mita 500, yana aiko da saƙo kullum. Ɗaya daga cikinsu ya yi sama da shekara ashirin daidai inda layin ikwaita ya gicciye layin Girinwic, wanda daga shi ake fara ƙirga gabas da yamma a taswira, kimanin kilomita 800 kudu maso yammacin Legas. Babban abokin gabarsu ba guguwa ba ce. Kifi yana son taruwa a ƙarƙashin duk abin da yake iyo, masunta kuma suna bin kifi. A ɗaure jirgi a jikin gora, taru ya naɗe waya, wani ma ya kwance na'ura ya tafi da ita. Tunda sau ɗaya a shekara ake zuwa gyara, gora ɗaya da aka lalata a Maris yana nufin damina guda babu labari daga wurin. Ga kuma 'yan fashin teku a mashigin Gini da suka sa jiragen bincike kaffa-kaffa.

Yanzu ga inda gonarka ta shigo. Ruwan da yake sauka a Jigawa, mafi yawan laimarsa daga Atlantika iskar damina take kwaso ta. Iskar tana tafiya ne daga inda ya fi sanyi zuwa inda ya fi zafi, daga teku zuwa Sahara mai ƙuna, don haka zafin fuskar teku yana da hannu a nisan da hadari zai kai cikin ƙasa. Ka lura da abin da yake faruwa a nan Legas duk shekara. A Afrilu ruwan gaɓa yana kusan digiri 29, zafi ya hana barci. Mayu da Yuni ruwa kamar da bakin ƙwarya. Daga nan iska takan janye ruwan sama na teku a kan ikwaita da gaɓar Gana da Kwaddibuwa, mai sanyi ya ɓullo daga ƙasa, zafin ya faɗi da digiri biyar ko fiye a kan ikwaita. Teku mai sanyi ba ya tayar da hadari a kansa, sai ya ƙara wa iskar ƙarfin kutsawa arewa. A ƙarshen Yuni babban layin ruwan sama yakan yi tsalle daga gaɓa zuwa Arewa. Shi ya sa ƙarshen Yuli zuwa Agusta Legas take yin lumshi da sanyi-sanyi ruwa ya ɗan ɗauke, a daidai lokacin da aka kira ka daga gida ana cewa marka ta sauka. Abu ɗaya ne ya haifi biyun. Lokacin ne kuma masuntan Gana suke samun ƙananan kifayen nan da yawa, don ruwan da ya ɓullo yana tafe da abincinsu.

A shekarar da ruwan sanyin ya ƙi ɓullowa sosai, hadari yakan maƙale a gaɓa. 1984 misali ne: mashigin Gini ya yi ɗumi fiye da kima, Sahel kuma ta ga ɗaya daga cikin shekaru mafi fari a ƙarnin. Ba doka ce da ba ta karyewa ba, don tekun Fasifik ma yana sa baki, shekarun El Nino, wato lokacin da fuskar gabashinsa ta yi ɗumi fiye da kima, sukan rage ruwan Arewa, wani lokaci kuma tasirin biyun ya kashe juna. Amma babban darasin farin 1972 zuwa 1973 da na 1983 zuwa 1984 ya tabbata. Da farko an ɗora laifin a kan manoma da makiyaya, wai sare itace da kiwo ne suka kori ruwa. Binciken da aka buga a 1986, aka kuma ƙarfafa shi a 2003, ya nuna cewa zafin fuskar tekuna shi ne babban dalili: arewacin Atlantika ya yi sanyi idan aka kwatanta da kudanci da sauran tekunan zafi, layin ruwan sama ya ja baya zuwa kudu. A shekarun ne tafkin Chadi ya tsuke daga kusan murabba'in kilomita 25,000 a 1963 zuwa ƙasa da kashi ɗaya cikin goma na haka.

AMOC kuwa shi ne yake kwasar zafi daga kudancin ikwaita yana kai wa arewa, kuma yana cikin dalilan da suka sa layin ruwan sama na duniya ya fi karkata arewa. Rage masa ƙarfi, arewacin Atlantika ya huce, layin ya zame kudu. Lakar da aka haƙo daga ƙasan teku a gaɓar Afirka ta Yamma ta nuna cewa a zamanin ƙanƙara, lokutan da juyin ya yi rauni ƙwarai, Sahel ta bushe ƙura ta yawaita. Rahoton kwamitin sauyin yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya na 2021 ya ce da wuya AMOC bai yi rauni ba a wannan ƙarni, ya ce yana da matsakaicin tabbaci cewa ba zai durƙushe farat ɗaya kafin 2100 ba, in kuwa ya durƙushe to daminar Afirka da ta Asiya za su raunana. Shekarun tsayawar da ake yawo da su a irin waɗannan bidiyo sun samo asali ne daga wani bincike na 2023 daga Danmak da ya ba da tazarar 2025 zuwa 2095. Lissafi ne da aka gina a kan tsohon tarihin zafin fuskar teku a kudancin Girinlan, inda akwai wani fili da yake hucewa alhali duniya tana ɗumama, kuma masana da yawa sun ce zaren ya yi siriri da ɗaukar wannan kaya. A ganinmu suna da hujja, amma rashin tabbas ɗin kaifi biyu gare shi: awon shekara ashirin bai isa ya tabbatar da raguwa ba, bai kuma isa ya wanke ta ba. Ko durƙushewar ma, in ta zo, abu ne na gomman shekaru, Turai za ta yi sanyi da fari sosai, amma ba daskarewar dare ɗaya irin ta fim ba.

Legas kuwa, abin da yake cin gaɓarta ya fi kusa da gida. Igiyar ruwa da take tasowa daga kudancin Atlantika tana bugun gaɓa a karkace, tana tura yashi daga yamma zuwa gabas. Tsakanin 1908 da 1912 aka gina katangun duwatsu a bakin shiga tashar jiragen ruwa, suka tare yashin a gefen yamma, Bar Beach ta rasa mai ciyar da ita, teku ya ci sama da kilomita ɗaya kafin a cike wurin a gina Eko Atlantic. Yashin bai daina tafiya gabas ba, don haka yunwar ta matsa wajen Lekki. A kan wannan sai ka ɗora hawan teku na duniya, kusan santimita 10 tun 1993, daga kumburin ruwa mai ɗumi da narkewar ƙanƙara, da kuma nutsewar ƙasa a unguwannin da aka cike fadama aka yi ta haƙa rijiyoyin burtsatse. Tauraron ɗan'adam yana ganin hawan ruwa, amma raba shi da saukar ƙasa sai da ma'aunin cikar teku a bakin gaɓa, haɗe da GPS a kan dutse ɗaya, yana aiki shekara da shekaru babu yankewa. Irin wannan dogon tarihi shi ne abin da gaɓar Afirka ta Yamma ta fi ƙaranci, duk da cibiyar binciken teku ta ƙasa tana nan Victoria Island tun 1975. Wata alama da ido yake gani ita ce jar ciyawar tekun nan da take tarin tsibi a bakin ruwa tana wari tana cika tarun masunta: tun 2011 ta fara yawa a tsakiyar Atlantika, gudun ruwan sama ne yake kawo ta gaɓarmu.

Ga mai gona kuma mai sayen hatsi, abin amfani na kusa shi ne hasashen damina da hukumar hasashen yanayi ta ƙasa, NiMet, take fitarwa a farkon kowace shekara, mai ɗauke da ranar faɗuwar ruwa, ranar ɗaukewa da tsawon damina na kowace jiha. Zafin tekuna, wanda gorunan nan da taurari suke aunawa, yana cikin manyan abubuwan da ake gina shi a kai. Ka riƙe shi a matsayin abin da ya fi yiwuwa, ba tabbas ba, don a Janairu da Fabrairu halin da Fasifik zai shiga bai gama bayyana ba, ruwan sanyin mashigin Gini kuma sai Mayu zuwa Yuni ake sanin ƙarfinsa. Saboda haka ka sake duba abin da masu hasashen suke cewa a Mayu da Yuni kafin ka yanke shawarar irin da za a shuka, mai saurin nuna ko mai daɗewa, da yawan buhunan da za ka ajiye.